Takardar da Muka Kai wa Sufurefe

Ni mai ƙuli-ƙuli ce. Shekara 19 ke nan ina soya gyaɗa, in kai markaɗe, in matse mai, in murza tunkuza in soya, a cikin gidanmu a Garwa, arewacin Kamaru. Na yi boko har na samu BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, kafin a yi mini aure, shi ya sa tun da muka kafa adashinmu aka damƙa mini littafi, ni ke rubuta wadda ta zuba da wadda ta kwasa. Wannan ɗan karatun ne ya sa sunana ya hau takardar da zan ba ku labarinta.

Ranar Asabar 3 ga Fabrairun 2024 muka wayi gari litar fetur ta tashi daga sefa 730 zuwa 840, gazuwal kuma, wato man dizal, daga 720 zuwa 828. Shekara guda kafin nan an riga an ɗaga fetur daga 630, gazuwal daga 575. Da can mu a nan arewa farashin gidan mai bai cika tada mana hankali ba, don zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake shigowa da shi daga Najeriya, shi ke riƙe da garin. Amma tun da Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kwalbar zuwa-zuwa ita ma ta fi ƙarfin talaka. Sai muka rasa wurin gudu. Mai injin markaɗe ya ƙara kuɗi, don in an ɗauke wuta gazuwal yake zubawa. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya ƙara. Mai kawo gyaɗa daga ƙauye ya ƙara. Ni kuwa in na rage girman ƙuli, yara su ce ya yi ƙanƙanta, in na ƙara kuɗi, su wuce gaba.

Gwamnati ta ce ba ta taɓa kananzir da gas na girki ba, kuma ta ƙara wa ma'aikatanta kashi 5 cikin ɗari na albashi. Mu a adashinmu mata 42 ne, babu mai albashi ko ɗaya.

Lahadi ta biyu bayan ƙarin, muka taru a gidan Hajiya, uwar adashinmu, mata 7 suka kasa zubi. Abin da bai taɓa faruwa ba. Muna cikin wannan jimami sai ga wata baiwar Allah daga reshen mata na wata jam'iyya ta shigo da takarda, tana rubuta sunayen masu son zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, wai a fara tara kuɗi tun da wuri don a samu shiga fareti. Wata mai sayar da busasshen kifi da ake kawo mata daga Lagdo, Kirista ce, duk Mama muke ce mata, ta dube ta ta ce da Fulatanci: "Zanen nan in na saya, a wace tukunya zan dafa shi?" Ba wadda ta yi dariya. Bayan matar ta fita, Hajiya ta daɗe shiru, sannan ta ce tun da an ce ranar ta mata ce, to bana mu ma za mu fita, amma ranar jajibirinta, Alhamis 7 ga wata, kowa da tukunyarta babu komai a ciki, mu je mu faɗa wa manya abin da ake ciki.

Faɗa da baki ba wuya. Babu wadda ta san ta ina ake farawa. Ni dai abin da na sani shi ne duk wanda ya fita titi ba da izini ba ana kama shi.

Ɗiyar yayana ta yi karatun shari'a a Jami'ar Ngaundare, ta dawo gida tana zaman jiran aiki. Na kira ta da daddare. Ta zo da wasu takardu da ta buga a shagon kwamfuta, ta zauna bakin tabarmata ta ce: "Goggo, kalma ɗaya nake so ki riƙe. Dokar ba ta ce a nemi izini ba. Cewa ta yi a sanar." Ta karanta mini doka mai lamba 90/055 ta ranar 19 ga Disambar 1990, tana yi tana fassarawa. In taro ne a wurin da jama'a ke shiga, a sanar kwana 3 kafin ranar. In fita ce kan titi, a kai sanarwa ofishin sufurefe, wato shugaban gunduma, kwana 7 cikakku kafin ranar, ba a ƙirga ranar kai takarda, ba a ƙirga ranar fita. A rubuta sunayen masu shiryawa da inda suke zaune, da manufa, da wuri, da rana, da lokaci, da hanyar da za a bi, ɗaya daga cikinsu ya sa hannu. Shi kuma sufurefe da ya karɓa, nan take zai ba da takardar shaida, resefise. In ya ga fitar za ta kawo babbar fitina, yana iya sauya wuri ko hanya, ko ya hana da rubutacciyar takarda. In ya hana, ana iya kai ƙara gaban shugaban babbar kotu, shi kuma ya yanke hukunci cikin kwana 8.

Na sa ta maimaita mini wurin resefise har sau uku. A lokacin shekara 33 da wannan doka a ƙasar nan, na girma na yi aure na haihu a ƙarƙashinta, ban taɓa jin wani ya faɗa mana ba, ko a makaranta ko a rediyo.

Ba ta ɓoye mini ɗaya gefen ba. Ta ba ni labarin Dorgelesse Nguessan, mai gyaran gashi a Duwala, wadda ta fita zanga-zanga karon farko a rayuwarta ranar 22 ga Satumbar 2020, aka kama ta, kotun soja ta yanke mata shekara 5 a ƙarshen 2021, kuma a lokacin da muke maganar tana gidan yari. Ta tuna mini da dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, wadda mu 'yan arewa muka zaci don Boko Haram kaɗai aka yi ta. Daren nan ban runtsa ba. Autata tana kwance kusa da ni, ina sauraron numfashinta ina lissafin shekarunta in an ƙara 5.

Sai batun Malam, maigidana. Tela ne, mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa hana ni sana'a ba. Da na gama yi masa bayani ya ajiye cokali ya ce: "In aka kulle ki, me zan ce wa yaran nan? Kuma me za a ce da ni a masallaci?" Na ce: "Malam, kai ka karantar da ni Suratul Mujadala. Matar nan Khaula ta je da kanta ta kai kukanta gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta yi ta maimaitawa, Allah bai ce ta yi rashin kunya ba, cewa ya yi ya ji ta." Bai ba ni amsa a daren ba. Kwana biyu yana shiga yana fita ba ya tada maganar. Ranar ta uku bayan asuba ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: kada mu karɓi ko dala daga hannun ɗan siyasa, kuma mu fara zuwa wurin jauron unguwa kafin mu je ofis. Har gobe ina gode masa, don na san abin da ya haɗiye kafin ya furta wannan. Mata 5 a cikinmu mazajensu sun hana, ba mu kuma riƙe su a zuciya ba.

Wurin jauro ba mu daɗe ba. Muka kai goro, muka durƙusa, Hajiya ta yi bayani. Ya ce shi bai hana ba bai kuma sa ba, Allah ya kiyaye, amma mu tabbata yara maza ba su bi mu ba.

Rubuta takardar ya ci mana dare biyu, kuma gardamar duk a kan manufa ce. Wasu na so a rubuta cewa gwamnati ta zalunce mu. Ɗiyata ta ce kowace kalma mai zafi sanda ce za mu miƙa a doke mu da ita. Daga ƙarshe muka tsaya a kan abu huɗu: a mayar da gazuwal tsohon farashinsa ko a sassauta wa masu injin niƙa da markaɗe, a rage kuɗin tikitin da ake karɓa kullum a hannun mata masu kasa kaya a ƙasa, a tsayar da kuɗin kilando na cikin gari, kuma duk lokacin da za a zauna maganar farashi a kira matan kasuwa su ma su zauna. Mun san farashin mai ba a Garwa ake yanke shi ba, a Yawunde ne, kuma mun ji cewa masu ba ƙasar bashi, asusun IMF, sun daɗe suna matsa a janye tallafi. Amma wanda ke kusa da kai shi kake faɗa wa, shi ya ɗauka ya kai gaba. Masu shiryawa uku muka rubuta: Hajiya, Mama, da ni. Ni na sa hannu, hannuna yana rawa har biron ya zame.

Garwa gunduma 3 ce, kowace da ofishinta, ba zan faɗi wanda muka je ba. Ranar Litinin 26 ga Fabrairu muka isa tun ƙarfe 8. Zafin Garwa a ƙarshen Fabrairu ya riga ya fara, ga Hajiya da ciwon gwiwa. Muka zauna kan benci har wajen 11 kafin magatakarda ya kira mu. Ya karanta kan takardar kawai ya turo mana ita. Ya ce ba haka ake rubutawa ba, mu je mu rubuta takardar neman izini, mu manna tambur, wato kan sarki, na sefa 1,500, mu haɗo fotokofin katin ɗan ƙasa na duk mu ukun. Ɗiyata ta miƙa masa dokar cikin ladabi, ya ce shi ba ita ya tambaya ba, sunanta ma ba ya cikin takardar. Nan wata matsalar ta ɓullo. Katin Hajiya ya daɗe da ƙarewa, abin da ke hannunta ɗan guntun resefise ne da aka yi ta ƙara masa wa'adi da hatimi har rubutun ya kusa gogewa, kamar yadda yake a hannun mutane da yawa a ƙasar nan a lokacin. Ya ce wannan sai mai gida, wato sufurefe, ya gani.

Muka fito muka tsaya ƙarƙashin wata dalbejiya. Mama ta ce mu rubuta yadda yake so mana, mene ne a ciki, tun da dai buƙata ita ce mu fita. Ni ma zuciyata ta karkata can. Ɗiyata ta ce: "Goggo, in kuka rubuta neman izini, shirunsa ma hani ne, ba sai ya rubuta komai ba, kuma ba ku da abin kai wa kotu. In sanarwa ce, dole ya rubuta dalilinsa ya sa hannu." Hajiya ta ce a sayi tambur, a yi fotokofi, amma kalmar nan ba za a taɓa ta ba.

Talata muka koma, aka ce mai gida ya fita rangadi. Muka zauna har aka tashi.

Daren Talatar na zauna da yatsuna ina ƙirga. In ba a karɓi takardar ranar Laraba 28 ba, kwana 7 cikakku ba za su cika kafin 7 ga Maris ba, shi ke nan doka da kanta ta fitar da mu. Da a ce Fabrairun shekarar ba 29 ya yi ba, da tun Talatar an gama da mu. Ban san ko da gangan aka ja mu har can ba, Allah shi ya san zuciya, amma ranar Laraba ba mu uku muka je ba. Mata 16 muka zauna a barandar ofishin, ba hayaniya, wasu na jan carbi, wata na shayar da jariri. Kafin azahar aka ce mu shiga.

Gaskiya mutumin ya karɓe mu da mutunci. Ya sa aka kawo wa Hajiya kujera da ruwan sanyi. Yana magana da Faransanci, wani yana mayarwa da Fulatanci, ko da yake ni ina jin abin da yake cewa tun kafin a fassara. Tambayarsa ta farko ita ce wa ya aiko mu. Ta biyu, wace jam'iyya ce a bayanmu. Hajiya ta ce: "Ranka ya daɗe, shekarata 64, ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba. Tukunya ce ta aiko mu." Ya ce gwamnati ta ware wa mata ranar 8 ga Maris, mu shiga fareti kamar kowa, in muna da koke mu ba shi a rubuce zai isar. Ya ce zamanin nan ba a san wanda zai shiga cikin taro ya ɓata shi ba. Wannan maganar tasa ba ƙarya ba ce, mu ma mun yi tunaninta, shi ya sa muka rubuta cewa za mu sa mata 10 masu ɗaure da farin ƙyalle a hannu su tsare gefen layi. Na tattara ƙarfin halina na ce da Faransanci: "Ranka ya daɗe, resefise muke roƙo a ba mu, kamar yadda doka ta ce." Ya dube ni ya ɗan jima, ya ce za a kira mu.

Ba a ba mu ba, har yau ɗin nan. Amma ɗiyata ta riga ta koya mini abin yi. Da muka fito na wuce teburin karɓar wasiƙu, na miƙa takardar da kofinta, na ce a buga mini hatimin shigowa a kan kofin. Matar da ke teburin ta waiga ƙofar mai gida, ta waigo ta dube mu, ta ɗauki hatimi ta buga, ta rubuta 28 ga Fabrairu da lamba. Ba ta ce uffan ba. Kullum na tuna da ita sai na yi mata addu'a. Na naɗe kofin cikin leda na sa a lalitata.

Ranar Juma'a aka kawo mini sammaci daga komisariya, ofishin 'yan sanda. Malam ya rufe shago ya raka ni, aka ce ya jira a waje. Awa 3 ana tambayata abu guda ta fuska daban-daban: wa ke ba mu kuɗi, wa ya rubuta mana takarda, muna da wani a ƙasar waje. Suka karɓi wayata suka duba WhatsApp. Na buɗe musu littafin adashi, suka ga inda kowace mace ta ba da sefa 100 don tambur da fotokofi da kuɗin kilando. Ba a zage ni ba, ba a taɓa ni ba, amma da na fito ƙafafuna sun ƙi ɗaukata sai da na dafa bango. Kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa an kama ni. Washegari mata da yawa suka aiko a cire sunansu. Wata maƙwabciyata da muka shekara 12 muna aron turmi ta daina amsa sallamata.

A nan ne wata dattijuwa ta kawo shawarar da ta kusa raba kanmu. Ɗiyata ta taɓa faɗa mana cewa dokar ta keɓe fitar al'ada da ta addini, irin kai amarya ko rakiyar gawa, waɗannan ba sa buƙatar sanarwa. Dattijuwar ta ce to mu fita kamar masu kai gara, da kwanuka da fantimoti a ka, ana guɗa, sai mun isa bakin ofis mu buɗe a ga babu komai a ciki. Wallahi dabarar ta burge ni, mata da yawa suka yi na'am. Na kwana ina juya ta. Da safe na ce ban yarda ba. Na riga na sa hannu da sunana da sunan mahaifina, na faɗi inda nake kwana. In muka ɓuya a bayan amarya, mun ba su gaskiya cewa mu masu yaudara ne, kuma gobe duk wata amaryar gaske da za a kai a garin nan sai an tare ta an buɗe kwanukanta. Mama ta goyi bayana. Dattijuwar ta yi fushi, ta ce boko ya sa mini tsoro. Har yanzu wasu na ganin da mun bi tata da an ji mu har Yawunde, kuma ba zan rantse cewa sun yi kuskure ba.

Takardar hani ta iso ranar Talata 5 ga Maris bayan la'asar, ina tsakiyar suya. Layi kaɗan ne: an hana fitar saboda barazana ga zaman lafiyar jama'a. Saura kwana biyu. Wata lauya da ɗiyata ta sani ta rubuta mana ƙara ba ta karɓi ko sisi ba, Laraba da safe muka kai wa magatakardan kotu. Tun a hanya ta gaya mana kada mu sa rai: alƙali yana da kwana 8, mu kuwa kwana ɗaya ya rage mana. Dokar ta tsayar wa talaka ranar da zai kai takarda, ba ta tsayar wa mai mulki ranar da zai hana ba. Duk wanda ya riƙe haninsa har jajibiri ya gama da kai, ko da kotu za ta ba ka gaskiya daga baya.

Ba mu fita titi ba. Amma gidan Hajiya gidanta ne, kuma taron gayyata a cikin gida ba taron jama'a ba ne. Daren Laraba ni da ɗiyata da 'yan matan gidan muka rubuta katin gayyata da hannu, kowane da sunan mai shi, har biyun dare. Ranar Alhamis tun hantsi motar 'yan sanda ta tsaya a bakin layin. Mata suka riƙa shigowa bibbiyu, uku-uku, kamar masu zuwa barka, kowace da tukunya a ƙarƙashin hijabi ko cikin buhu. Na zaci ba za mu kai 30 ba. Da na ƙirga bayan azahar, 87 ne, har da waɗanda suka ce a cire sunansu, har da matan cocin su Mama da suka zo da nasu tukwanen. Aka jera su a tsakar gida a kife, tun daga bakin rijiya har ƙofar madafa.

Ba mu yi waƙa ba, ba mu ɗaga murya ba. Hajiya ta ce kowace ta faɗi abu ɗaya da ƙarin man nan ya cire mata daga gida, ni kuma in rubuta. Wata ta ce nama. Wata ta ce abincin rana, yanzu sau biyu ake ɗora tukunya. Wata mai awara ta ce ta sayar da akuyar da take ajiye wa haihuwa. Wata ta ce ta daina zuwa awon ciki don kuɗin zuwa da dawowa ya kai ribarta ta yini. Sai wata bazawara, mijinta ya rasu ya bar mata yara 5, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta miƙe ta ce ta cire babbar 'yarta daga makaranta saboda kuɗin kilando, yarinyar tana aji na ƙarshe kafin jarrabawa, kuma dangin uban sun fara maganar a aurar da ita tun da tana zaune. Shekarunta 15. Ta faɗi haka ta zauna ta rufe fuska. Tsakar gidan ya yi tsit. Ni da aka cire daga makaranta aka aurar, na kasa ci gaba da rubutu, sai ɗiyata ta karɓi biron. Ita ce ta gaya wa uwar cewa dokar hukunta laifuka ta 2016 ta hana aurar da wadda ba ta kai 18 ba, kuma akwai mata a Marwa irin su Aissa Doumara da suka shafe shekaru suna tsaya wa 'yan mata a kan wannan. Nan take aka zagaya da faranti, aka tara kuɗin kilandon yarinyar na wata biyu. Ranar Litinin ta koma aji.

Bayan la'asar aka karanta takardar kokenmu da Hausa da Fulatanci. Mun ƙara buƙata ta biyar a kan huɗun farko: a gyara doka, a tsayar wa hukuma wa'adin da za ta hana fita, yadda kotu za ta samu lokacin dubawa. Waɗanda suka iya suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa. Tawadar ta ƙare muka jiƙa ta da ruwa. Mu uku muka ɗauki takardar a kilando muka kai wani babban ofishi kafin a tashi, aka buga mana hatimi a kan kofi. Motar 'yan sandan ba ta bar bakin layi ba sai da mace ta ƙarshe ta fita da tukunyarta.

Washegari Juma'a aka yi fareti. Ina jiyo ganguna daga nesa ina matsar mai. Ban ga laifin waɗanda suka je ba, mace ta shekara tana wahala, in ta samu yini guda ta yi kwalliya ta yi rawa haƙƙinta ne. Ni dai ban sayi zanen ba.

Kotu ta kira mu cikin makon farko na azumi. Ba a babban zaure aka yi ba, a ofishin alƙali ne, mu da lauyarmu da wani da hukuma ta turo. Alƙalin ya tambaye shi wace irin fitina ake tsoro daga mata masu tukwane. Ya ce jami'an tsaro duk sun tafi shirin 8 ga Maris, babu masu rakiyarmu. Lauyarmu ta ce in haka ne doka ta ba da damar a sauya mana hanya ko wuri, me ya sa aka zaɓi hani, kuma ina resefise? Bai amsa ta biyun ba. Aka ba ni dama na yi magana, na faɗi abin da bazawarar nan ta faɗa, muryata na rawa, bakina a bushe da azumi. Alƙalin ya saurara har ƙarshe, ya rubuta. Hukuncin da ya fito shi ne ranar fitar ta riga ta wuce, babu sauran abin da za a yanke a kai. Na yi kuka a cikin kilando har gida. Farashin mai bai sauka ba, tikitin kasuwa bai ragu ba, takardar kokenmu kuma ba mu ji amsarta ba.

Cikin goman ƙarshe na azumi lauyar ta zo shan ruwa gidan Hajiya, ta kawo shawara. Mu sake kai sanarwa, amma a takarda ɗaya mu rubuta Alhamis uku a jere. In an hana a jajibirin ta farko, kwana 8 na kotu za su cika kafin ta uku. Ta ce ba ta yi mana alkawarin zai yi aiki ba, ana iya samo wata hanyar a toshe. Hajiya ta tambaya wa zai sa hannu wannan karon, don ni an riga an san fuskata a komisariya, kuma Malam ya rame a wannan watan. Kafin in buɗe baki bazawarar nan ta ce ita ce. Ba ta iya rubutu ba. 'Yarta, wadda ta koma makaranta, ita ta zauna da ita kowane dare bayan tarawihi tana riƙe mata hannu, har ta iya rubuta sunanta a bayan littafin adashi, layi bayan layi, shafi uku.

Mako guda bayan ƙaramar Sallah muka koma ofishin, mu 9. Na riƙe mata jaka, ta miƙa takardar da hannunta. Magatakardan ya karanta kan takardar, ya ga kalmar nan tana nan yadda take, ya ɗago ya dube ni. Wannan karon bai turo mana ita ba. Ya ce mu zauna a benci, mai gida yana ciki.